Kwakwar Bashi

Ba saye na yi ba.
Dakta Jatau ne, ran da zai bar Zariya,
ya shigo shagona a Sabon Gari rungume da ita,
ya ce, "Kuɗin gyara sun gagara, Malam Cindo,
riƙe wannan, ta fi agogon daraja."
Na karɓa don kunya.

Kwakwa ce, in ji shi, amma ta ado:
ba ta 'ya'ya, ba ta inuwa,
tsayinta bai wuce ƙuguna ba.
Lantana ta dube ta, ta dube ni,
ta ce, "Wasu buhun masara suke kawowa gida."

Na ajiye ta lungun falo, bayan ƙofa,
inda rana ba ta yin sallama.
Ragowar butata ta asuba tata ce,
ta azahar ma, ta la'asar ma,
a unguwar da famfo kan yi tari ya koma barci,
inda jarka ɗaya sai ka lallashi ɗan garuwa.

Sai bakin ganyen ya soma ƙuna
kamar takardar da ta kusanci aci-balbal.
Na ƙara ruwa.
Ta ƙara rawaya.

Shekara talatin da ɗaya ina buɗe bayan agogo,
in kara kunne, in ji inda numfashi ya sarƙe.
Ita kuwa na kara kunne har wuya ya ƙage,
ko ƙas.
Abin da ba ya ƙara, ta ina ake jin ciwonsa?

Ran Lahadi na ɗaure ta bayan babur
har Samaru, wurin Baba Tanimu mai renon dashe,
ganye na marin ƙeyata, yara na nuna mu a Kwangila.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya cusa yatsa a ƙasar, ya shinshina,
ya kife tukunyar:
saiwa baƙa, ta yi luguf, tana warin jiƙon da aka manta.
"Ba ƙishi ke cin ta ba," ya ce, "kai ne.
Tukunya ba huda, ka mai da ita fadama.
Shinkafa aka ba ka?"

Ya datse ruɓaɓɓen da reza,
ya huda gindin tukunya da ƙusa,
ya cuɗa ƙasa da yashin Kubanni.
"Kusa da taga, amma ba tsakar rana ba.
Ruwa sai ƙasa ta bushe gaɓar yatsa biyu.
Sauran kwanakin, ƙyale ta."

Ƙyalewar ce aiki.
Nakan tsinci kaina tsaye a kanta, buta a karkace,
in ja hannuna da ɗayan hannun.
A nan ne na tuna Sabi'u a Fatakwal,
da nake kira safe, rana, dare,
ka ci, ka sha, wa kake bi, nawa ka tara,
har ya daina ɗauka.

Yanzu wayar na kan taga, gefen tukunya.
Su biyun ina ba su kwana bakwai.

Jiya na dawo kasuwa da wuri,
na iske Lantana durƙushe,
tana goge ganyen ɗaya-ɗaya da tsohon kallabinta.
Ba ta ɗago ba, ta ce, "Zo ka gani."
Can tsakiya, wani tsinke kore, a naɗe,
siriri kamar hannun daƙiƙa,
yana nuna sama.

Wayar dai ba ta yi ƙara ba tukuna.
Na tura yatsa a ƙasa. Da sauran danshi.
Na mai da buta mazauninta.