Tagar da Hadari Ya Buɗe

Na dawo daga Santarem da zarton inji a kafaɗa,
na ce wa kakata Zulmira, "Ba ni kwana uku,
in kwantar miki da kurmin nan, in cinna wuta, ki samu gona."
Ta dubi zarton, ta dube ni.
"Jingine shi bayan murhu, Valdeci.
Wanda ya tarar da gida a gine
ba ya rushe shi don neman wurin shimfiɗa tabarma."

Muka jira.
Wata huɗu ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya,
kogin Tapajos ya hau matakala ta uku.
Wani dare hadari ya kayar da tsohon rimi,
birai suka kwana suna kururuwa.
Da gari ya waye, rana ta zuro ƙafa ta ɓular da ya bari,
ta taka ƙasar da ta yi shekara ɗari ba ta taka ba.
Kaka ta ce, "Ga tagarmu. Ɗauko kwando."

Ba mu ja layi ba, ba mu yi huɗa ba.
Ayaba a tsakiya, inda hasken ya fi cizo,
koko a bayanta, shi jinjiri ne, sai da inuwa.
Rogo can, gwaza nan cikin danshi,
abarba ta jingina da gawar rimin tana cin ruɓarsa.
Kaka ta tona da yatsa, ƙasa baƙa wuluk,
ta zaro gutsuren tukunya:
"Ka gani? Wasu sun riga mu cin abinci a nan."

Aguti, mai kama da gafiya marar wutsiya,
ya yi ta kwashe mana iri.
Na ɗana tarko, ta kwance.
Na sake ɗanawa, ta jefa shi kogi.
Da shekara ta zagayo, tsiro ya fito
a wurare tara da hannunmu bai taɓa ba.
Ashe ɓarawon binnewa yake yi, ya manta.

Na ƙarshe da ta dasa itacen kastanya ne.
Na ce, "Wannan sai ya shekara goma sha biyar."
Ta ce, "Wanda kake fasawa da safe, ka san wa ya dasa?"
A ta bakwai muka kai ta makwancinta a kwalekwale.

Yanzu tagar ta kusa rufewa.
Jiya wani mai awon ƙasa ya wuce,
ya leƙa, ya rubuta a littafinsa: kurmi, ba a taɓa ba.
Ban ce masa komai ba.
Sai ga 'yata Iraci ta ɓullo daga cikin ganye,
bakinta shuni da 'ya'yan asai,
rigarta ɗaure da ƙwallon koko biyu,
tana tambaya ko baƙon ya ci abinci.