Taswirar Daren Asabar

A bayan kalandar bara na ja layuka,
gida-gida kamar na dara,
kowane gida taku biyar.
Nan Gobarau, maɓoyar maharbi.
Nan kwatar Rafindadi:
mai tsallake ta sai ya jefa ƙwayar ludo.

Mannir ya zube murafan kwalba, su ne mayaƙa,
ɓawon gyaɗa kuwa kuraye.
Ya ɗora yatsa: "Wannan lungun ai babu shi,
titi ya cinye shi tun bara waccan."

Na sani.
Ƙofa ta uku a hagu, mai shuɗin fenti,
can aka binne cibiyata.

Na ce, "Jefa.
Amma duk wanda ya kai wuta nan,
ko shida ba ta fisshe shi."