Kujerar da Ta Mutu Ta Tashi

Ranar Talata, ruwan Agusta na dukan kwanon sito
a hanyar Bukuru,
aka miƙo mini ambulan mai ruwan ƙasa.
Ban buɗe ba sai da na gama ƙirga katan,
ɗari huɗu da sittin da biyu,
don hannu bai san an sallame shi ba.

Layi uku ne kacal.
Ba su ce na yi sata ba, ba su ce na makara ba.
Wai gurbin ne aka soke,
ni lafiyata ƙalau, kujerar ce ta mutu.
Shekara goma sha tara ina kanta,
ko tari ban taɓa jin ta yi ba.

Davou mai gadi ya buɗe mini ƙofa,
ya sunkuya yana gyaran kwaɗon da ba abin da ya same shi.
A Gangare, Hansatu ta gane tun ban yi sallama ba:
aljihuna bai yi ƙarar makullai ba.

Kwana goma sha biyu, sai ga Davou da magariba,
ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa.
Ya ce, Haladu, kujerarka ta tashi.
An shafa wa ƙofar fenti, an raɗa mata sabon suna,
ƙanin matar manaja ke kai,
yaron da ya zo bara,
wanda na koya wa bambancin rasit da takardar fitar kaya.
Nan na tuna watan Afrilu,
katan sittin da suka yi ƙafa cikin dare,
da biron da aka tura gabana,
na mayar da shi da murfinsa.

Suka kira ni karɓar kuɗin sallama:
albashin wata guda,
da takardar da ke cewa ba ni ba ƙara, har abada.
Na raba kuɗin gida goma sha tara a zuci,
kowace shekara ba ta kai mudu biyu na acca ba.
Na ce bari in je in yi shawara.
Akawu ya ce, guntun gatarinka dai.
Na ce ai gatarin ne kuka karɓe.

Lauya Kachollom, a saman shagon batir a Dilimi,
fankarta na juyi kamar mai jin barci.
Ka sa hannu? A'a.
Ta ajiye tabarau, ta ce madalla.
An sanar da ƙungiyarku? A'a.
In rage ma'aikata ake da gaske,
na ƙarshen shiga ne na farkon fita,
kuma gurbin da aka binne ba ya zuwa aiki da safe.
Kawo mini takardar ɗaukarka.

Hansatu ce ta zaƙulo ta a ƙasan adaka,
ƙarƙashin zannuwan suna, tana warin kafur,
da hotona, gashi baƙi wuluk, ina murmushin da ban san dalilinsa ba.

Kotun ma'aikata ta zauna sau biyu, ta ɗage sau biyu.
A hanyar dawowa nakan bi ta kududdufan kuza,
inda aka kwashe abin da ke ciki
aka bar wa damina ramin.
Kakana ya yi haƙa a nan, ba wanda ya ba shi ko ambulan.
Ni aƙalla ina da lambar shari'a.

Yanzu ina awon dankali a Farin Gada,
sanyin asuba na cizon yatsu.
An sa mana rana bayan Sallah.
Jiya wani direba ya ce buhu tamanin ya kawo.
Na ƙirga.
Saba'in da tara ne.