Zufar Ƙarfe

A waje hanyar Kalambaina tana tafasa,
kwalta ta yi laushi kamar ɗanko.
A ciki, bayan ƙofa mai kaurin taƙi,
allura ta sauka sha takwas ƙasa da sifiri.
Taku uku ne tsakanin Sakkwato
da wannan ƙasa da ba ta da hakimi sai ɗari.

Nan na koyi aiki a hannun Arzika,
mutumin Wamakko, mai yatsu tara da rabi.
Ranar farko bai miƙo mini sifana ba.
Kwado ya ba ni, da makulli guda,
ya ce: rataya wannan a bakin wuta
kafin ka kai hannu inda take kwana,
makullin kuma ya zauna a aljihunka, ba na abokinka ba.

Akwati ne ruwan toka, manne da bango,
shi ke riƙe da linzamin fankoki.
In ya ce su ruga, su ruga,
in ya ce su lafa, su lafa.
Amma mai linzamin ma yana jin sanyi.
A ƙasan cikinsa akwai 'yar hita
wadda ba ta kai tafin hannu ba,
ba mai gaishe ta, ba mai tuna ta,
ita ce kuwa ke hana shi mutuwa.

Wani dare cikin damina aka ɗauke wuta,
janareto ya yi tari biyu, ya yi shiru.
Da asuba masu dako suka bar ƙofa a wangame,
iskar Agusta ta shigo da jiƙaƙƙen numfashinta,
ta sami ƙarfe mai sanyi, ta kwanta a kai.

Hantsi ya yi, wuta ta dawo.
Hajiya Tumba tana tsaye da wayoyi biyu a kunne,
katan ɗari huɗu na kifi sun fara sakin jiki,
'yan Tsohuwar Kasuwa suna kira, suna sake kira.
Ku tayar! Me kuke jira?
Na kai hannu.

Arzika ya riƙe mini tsintsiya.
Bai yi tsawa ba. Tocila ya haska,
ya ce: duba.
Ɗigo-ɗigo a jikin wayoyi,
raɓa a kan koren allon nan mai hanyoyin tagulla,
kamar goshin wanda ya yi ƙarya a gaban alƙali.
Ƙarfe in ya yi zufa, in ji shi,
ba aiki yake nema ba, lallashi yake nema.

Muka sa kwado. Muka ƙirga minti goma,
don akwai tuluna a ciki masu ɓoye wuta
bayan an kashe, bayan fitila ta rufe ido.
Ya ɗaga guntun yatsansa:
wannan minti uku kawai ya jira.
Sai da mita ta ce babu, sannan ya yarda.

Muka rufe ƙofa, muka kunna 'yar hita ita kaɗai.
Azahar ta zo ta same mu zaune a kan jarka,
safar hannu a gwiwa, haƙora suna kaɗawa.
Ya juya fanka da hannu, ya ɓamɓare ƙanƙara,
ya taɓa giris, ya ji ya fara saki.

Da la'asar ya ce: to, bismilla.
Daga ƙasa. Kamar mai tada tsoho daga barci.
Biyar. Goma. Sha biyar.
Inji ya yi gyaran murya, ya kama.

Katan talatin da ɗaya suka lalace.
Hajiya ta yi mako ba ta amsa gaisuwarmu.

Yau ni ke da makullin.
Yaron da aka kawo mini, Sahabi, hannunsa da sauri.
Ina kallonsa,
ina ƙirga yatsunsa kowace yamma.