Tanda Mai Gurbi Bakwai

Ran Laraba Yahuza ya dawo baki a ture,
ya zauna gindin rumbu, ko fura bai taɓa ba.
Na ce, wa ya doke ka?
Ya ce, bakwai sau takwas.

Su tamanin ne da 'yan kai a ajin nan,
Malam Ɗayyabu a gaba da guntun alli,
yana faɗa suna amsawa
kamar kwaɗin fadama daren ruwan fari.
Daga gonata, bayan makaranta, ina jiyo su.
Yaron ya iya amon sarai,
amma tare shi a tsakiya, ka ce shida sau huɗu fa?
sai ya koma can ɗaya sau ɗaya ya taho a guje,
kamar wanda sai ya fita bakin gari
kafin ya gane ƙofar gidansu.

Ni a aji uku na tsaya,
shekarar da Baba ya kwanta, garma ta zama tawa.
Amma na san dara.
Na share ƙasa, na tona gurabe,
layi biyar, kowanne shida. Na ce ƙirga.
Talatin.
Na ce zagayo ta nan, duba ta gefe.
Layi shida, kowanne biyar. Talatin ɗin dai.
Ya dube ni kamar na yi dabo.
Na ce, ka ga, rabin kayan ya sauka daga kanka.

Daga nan komai na gidan ya shiga uku.
Tumaki tara, ƙafa nawa?
Kunya shida ta albasa, damin gero a kan amalanke,
'ya'yan tsamiya a gwangwanin madara
da yake jerawa bayan magariba
har fitila ta fara lumshe ido.

Bakwai sau takwas ne kawai ya ƙi zama.
Na ce masa hamsin da huɗu ne,
da ƙarfi na faɗa, ina gyara hula,
haka nake riƙe da shi tun ina ɗan yaro.
Uwarsa Sahura ba ta ce uffan ba,
ta ci gaba da dama ƙullu.

Asubar ranar kasuwar Gujungu ta tashe shi.
Ta ce, zo ka zauna. Tandar nan gurbinta nawa?
Bakwai.
To duk zubi ɗaya, ja layi da gawayi a bango.
Mai yana ƙara, hayaƙi yana shiga idonsa,
ya ja, ya ja, har layi takwas.
Ta turo masa kwando. Ƙirga.

Hamsin da biyar.
Ya sake. Hamsin da biyar.
Ba tawa ba, ba ta littafi ba.
Muka yi shiru mu uku,
sai ga Ummita a bayan turmi,
kumatu cike, leɓe yana ƙyallin mai.

Hamsin da shida, Baba! Har da ta bakinta!
Sahura ta juya masa, ta ɓoye dariya a gefen zane.
Shekara talatin ina yawo da giɓin biyu a aljihu,
Allah kaɗai ya san wa na cuta, wa ya cuce ni.

Ran Litinin, in ji shi, shi ya fara ɗaga hannu.
Malam ya ce, a ina ka samo? Ya ce, a tanda.
Yanzu kowane yaro da gwangwaninsa yake zuwa,
tsamiyar bakin rijiya ba ta huta da jifa ba.

Jiya da dare na kira shi kan tabarma,
na rage murya don kada uwarsa ta ji.
Na ce, ɗauko gwangwanin nan,
sau tara ɗin ma ban yarda da nawa ba.