Kwano Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Kwanon da muke shanyar kuɓewa a cikinsa,
mai lotsa a baki, tsatsa ta ci gindinsa,
jiya na kifa shi, sai ga lamba:
arba'in da bakwai, an doka da ƙusa.
Inna ta ce, "Sauke shi a hankali, Lantana.
Ya girme ni. Shi ya sayi ɗakin nan."

Nomau kakana da ƙafa ya zo daga Gobir,
haraji na bin sa kamar inuwa,
gora ɗaya, riga ɗaya, sanda.
An ce masa a kan tudu akwai ƙasa mai nauyi,
baƙin yashi da Nasara ke biya da sule.
Sanyin Jos ne ya fara yi masa maraba,
kafin wani ya tambayi sunansa.

A Gangare ya kwana, a Dilimi ya wuni,
ruwa iya gwiwa, baya a sunkuye.
Choji ne ya koya masa juya kwano:
kar ka yi gaggawa, bar ruwa ya yi shari'a,
mara nauyi zai tafi, kuza za ta zauna.
Ba su da harshe ɗaya a makon farko,
sai cokali ɗaya da tukunyar gwate.

Ranar Asabar ake awo.
Hedimani ya zuba wa sikeli ido,
lebura ya zuba wa hedimani ido.
Daga nan kowa ya haura tsakiyar gari,
kuɗin bai gama ɗumi a aljihu ba
kantuna sun buɗe baki.
Baba Oyeleke na Ogbomosho yana taka keken ɗinki,
Nwosu na auna ƙusa da kananzir,
bashi a littafi, ba a tambayar garinku.
Jirgi ya yi kuka a tasha,
ya kwashi nauyin ya bar mana ramuka.

Nomau bai taɓa ganin inda take zuwa ba.
An ce da ita ake shafe gwangwani.
Ran da ya sayi madarar gwangwani ta farko
ya daɗe yana juya ta a tafin hannu,
ya ce, "Ashe ke ce. Kin yi fari."

Sai farashi ya faɗi.
Ba da ƙara ba, kamar faɗuwar haƙori.
Injuna suka tsaya da wuya a sama,
ramuka suka sha ruwa suka zama tafki,
kore shar, masu kyau, masu cin yara.

Mu babbar kasuwa muka tarar,
rumfar Inna a hawa na biyu, layin atamfa.
Daren da wuta ta ci ta
muna tsaye a tudu da zannuwan barci,
ba wanda ya yi magana.
Bayan nan gari ya koyi ja da baya,
unguwa ta san iyakar unguwa.
Jikan Choji, Davou, a waya muke gaisawa,
alhali tafiyar ba ta kai ta shan shayi ba.

Yau na sauka Dilimi da kwanon a kai.
Masu kayan gyaran mota suna kallona.
Leda, baƙin mai, takalmi ƙafa ɗaya.
Na tsuguna na ɗebi ƙasa,
na juya, na juya, hannuna bai iya ba,
ruwa ya tafi da abin da zai tafi da shi.

A gindin kwanon, wurin lambar,
ɗan baƙi ya zauna, bai cika farce ba.
Ban sani ba ko kuza ce, ko tsatsa.
Na ƙulle a bakin mayafi.
Davou zai sani.
Gobe zan kai masa da ƙafata.