Allura Ba Ta Tsaya Ba

Shekara sha tara na yi a bakin sikeli
a injin shinkafa na bayan gari, nan Argungu.
Buhun shanshera ya hau, allura ta girgiza ta tsaya,
in faɗi lamba da ƙarfi, manomi ya ji da kunnensa.
Yau ga ni a zaure da takarda biyu,
ko nauyin ƙwayar tsaba ba su kai ba,
amma tun Litinin na kasa ɗaga su.

Ta fari mai tambarin kamfani ce.
Wai rage ma'aikata ne, kasuwa ta ja baya.
Naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu,
in sa hannu kafin Juma'a,
ba ni ba kotu, ba ni ba magana.
Mu goma za a rage, in ji su.
Na ƙirga a bakin ƙofa, ni kaɗai na fita,
washegari ɗan ƙanen manaja ya ɗauki littafina.

Ni na san ranar da aikin ya ƙare:
ranar da aka ce in danne kilo biyu a kowane buhu.
Wani tsoho daga Augie na tsaye gabana,
laka ta bushe masa har gwiwa,
yana kallon bakina, don bai iya karanta allura ba.
Na faɗi abin da na gani.

Ta biyu daga lauya ce a Birnin Kebbi.
Ta ce, Malam Barmo, wannan kora ce, ba ragi ba,
ƙararka na da ƙafafu.
Na ce, yaushe za ta iso?
Ta cire tabarau ta goge.
Shekara biyu, ko uku. Sakkwato za mu riƙa zuwa,
kuɗin mota naka, kuma alƙali ba ya rantse wa kowa.

Na nemi Arzika direba, shi ya riga ni shiga.
Yanzu fetur yake sayarwa a kwalba, bakin tasha.
Ya ce, sau goma sha ɗaya ana ɗagewa,
na sayar da babur, na sayar da tunkiya.
Sai ya yi shiru, ya cika wa wani yaro kwalba.
Amma ran da aka kira sunana,
manaja ya miƙe tsaye kamar yadda na miƙe.
Daren nan na yi barci, Barmo.

Kulu ba ta ce in sa hannu ba.
Ta dai ajiye tuwo, ta ce Ige ta bugo waya,
makarantar jinya na son cikon kuɗi kafin wata ya mutu.
Ta ce ɗakin baya na yoyo,
injin ban-ruwa kuma ya tashi a kasuwa.
Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa:
ƙwai a baka, Malam.
Ba ta ƙarasa ba, ta san na san sauran.

To, na ɗora su.
Nan ga Ige da farar riga, ga kwano sabo,
ga fadama kore tun kafin sanyi ya wuce.
Can ga tsohon Augie,
ga sunana da suka rubuta cikin rarar kaya,
kamar buntu, kamar dusar da ake sharewa da yamma.
In na karɓa, na sayar masu da shiruna,
gobe yaron zai danne kilo biyu.
In na ƙi, wa na yi wa gwaninta
da cikin 'ya'yana?

An yi isha'i, daren Juma'a ne.
Biro na hannuna, fitila na rage haske.
Allura na girgiza har yanzu,
ni kuwa ban taɓa faɗin lamba ba
sai ta tsaya.